Amsoshin tambayoyinku: Mahaɗin iska mai faɗin maƙogwaro, wa yake yi wa amfani?

Tambayoyin wannan karon duk sun taru a kan ɗan ƙaramin ƙarfen nan da ke haɗa tiyo da kayan aikin iska, wanda ake turawa ya ce ƙas ya kama. Mace da namiji ne: macen tana bakin tiyo da bawul a cikinta, namijin yana jikin kayan aiki. Mutane kan kashe kuɗi mai yawa a kan kwamfireso, su manta da shi, alhali duk iskar da suka tara sai ta bi ta cikinsa.

Tambaya: Malam, ina da kwamfireso mai tankin lita 50 a gida, da bindigar kwance noti ta rabin inci. Geji yana nuna psi 120, amma bindigar sai ta yi ta ƙara ta kasa kwance notin taya. Wani abokina ya ce in canza mahaɗaina zuwa masu wuce da iska da yawa. Gaskiya ne, ko kuwa inji babba zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayi komai tukuna. Gejin da kake kallo yana gaya maka matsin iskar da ke zaune a tanki ne. Bindigarka kuwa ba ruwanta da wannan. Abin da take nema shi ne psi 90, wato kusan bar 6.2, a bakinta, a daidai lokacin da ka danna kunama tana aiki. A kan wannan ma'aunin ake ƙera yawancin kayan aikin iska. Muddin iska ba ta motsi, matsi ɗaya ne daga tanki har ƙarshen tiyo, ko da ta ramin allura ta biyo. Sai ta fara gudu kowane matsattsen wuri yake cin rabonsa.

Ga gwajin da nake ba kowa shawara ya yi. Nemi ƙaramin geji da mahaɗi mai baki uku, ka ɗaura gejin dab da gindin bindigar. Ka ɗora ta a kan noti mai tauri, ka danna, idonka a kan allurar geji. Ranar da na fara yin wannan a kan tawa bindigar, na ga allura ta faɗi ƙasa sosai da dannawa, ta koma mazauninta da sakin kunama, kuma tankin a cike yake. A nan na gane injina lafiyarsa lau, hanya ce ta shaƙe. Idan kai ma ka ga 120 ta koma 60 ko 70 nan take, to abokinka ya faɗi gaskiya, matsalar tana tsakanin tanki da hannunka. Idan kuwa allurar ta tsaya kusa da 90 amma noti ya ƙi, bindigar ce ta gaza, kuma babu mahaɗin da zai ƙara mata ƙarfi.

Me ya sa faɗin maƙogwaron mahaɗi, wato ramin da iska ke bi a cikinsa, yake da tasiri haka? Mahaɗin rubu'in inci da aka saba da shi, ramin cikinsa kusan milimita 5.5 ne. Mai faɗin irin na Turai yana da milimita 7.2 ko sama kaɗan. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba, amma in an lissafa filin ramin, ƙarin ya kai kusan kashi 70 cikin 100. Sannan asarar matsi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan iska: in iskar da ke wucewa ta ninka biyu, asarar takan ninka kusan huɗu. Bindigar noti kuwa maƙoshi gare ta. Lambar da ake rubutawa a kwalinta, CFM 4 ko 5, wato ma'aunin yawan iskar da take ja a minti, matsakaici ne da aka lissafa har da lokacin hutunta. Tana tsakiyar bugu tana iya jan ninki huɗu na hakan.

Sai dai ka ƙirga mahaɗanka. Ɗaya a bakin kwamfireso, ɗaya a tsakanin tiyo biyu da ka jona, ɗaya a gindin bindiga. In ka canza na ƙarshe kaɗai ka bar biyun, kusan ba ka yi komai ba. Ka duba tiyon ma. Mai rami rubu'in inci, ko naɗaɗɗen nan mai kama da sifirin, na hura taya ne da bindigar ƙusa. Bindigar noti tana son mai rami inci 3/8, wato kusan milimita 10, kuma kada ya fi tsawon da aikinka yake buƙata. Ƙaramin regiletan da ke zuwa a jikin ƙananan injuna, wato mai daidaita matsin iska, shi ma sau da yawa yakan shaƙe iska fiye da mahaɗi. Ka riƙa matsar da gejin gwajin daga wuri zuwa wuri har ka kama inda iska take maƙalewa.

Tambaya: Na sayi namijin mahaɗi an rubuta masa rubu'in inci, macen da nake da ita ita ma rubu'in inci ce, amma sun ƙi shiga juna. Na matsa da ƙarfi ya shiga, iska na ta tsiyaya. Ko jabu aka ba ni?

Amsa: Da wuya a ce jabu ne. Wannan rubu'in incin yana iya nufin girman tiredi, wato haƙoran da ake murzawa a ɗaure, yana iya nufin girman jikin mahaɗin, kuma ko duka biyun sun dace, siffar hancin namijin ta bambanta daga gida zuwa gida. A Amurka akwai wanda ake kira na masana'antu ko M, akwai na motoci ko T, akwai ARO, sannan akwai V na kamfanin Milton, wanda shi ne mai faɗin maƙogwaro a cikinsu. A Turai akwai irin su CEJN 320 da Rectus 25 da 26. Japan tana da nata na kamfanin Nitto. Tsawon hanci da wurin da tsagin yake sun sha bamban, shi ya sa ƙwallayen da ke cikin macen ba sa kama shi daidai. Namijin da ya shiga da ƙyar yana iya fizgewa ana tsakiyar aiki. Cire shi yau.

Tiredin ma kala biyu ne da suke yaudarar mutane. NPT na Amurka yana da haƙora 18 a inci ɗaya a girman rubu'in inci, BSP na Ingila yana da 19. Za su fara shiga kamar lafiya, su cije bayan zagaye biyu ko uku, kuma duk farin tef ɗin da ka naɗa ba zai hana yoyo ba. Shawarata ita ce ka zaɓi gida ɗaya da kake iya samun kayansa cikin sauƙi, ka mayar da komai naka zuwa gare shi rana ɗaya. In za ka je saye, tafi da tsohon namijin a aljihu ka gwada da hannunka.

Tambaya: Feshin fenti nake yi da bindigar HVLP. Da farko feshin yana fita da kyau, bayan ɗan lokaci sai ya koma yayyafi. Mahaɗi mai faɗi zai gyara?

Amsa: Zai taimaka, domin irin wannan bindigar iska mai yawa take so a ƙaramin matsi, psi 10 kacal a bakin feshinta, kuma matsattsen mahaɗi yana cutar ta ƙwarai. Amma yadda ka kwatanta, ba a nan gizo ke saƙar ba. Feshin da ya fara da kyau ya lalace daga baya yana nuna tanki ne yake ƙarewa. Yi lissafi: tankin lita 50 da ya sauka daga bar 8 zuwa 6 ya ba ka kusan lita 100 na iska. Bindigar da ke jan lita 300 a minti za ta shanye wannan cikin daƙiƙa 20, in ban da ɗan abin da injin yake ƙarawa. Daga nan sai ƙarfin injin kaɗai. Mahaɗi ba ya haifar da iska. Hasali ma mai faɗin zai sa tankin ya fi saurin sauka. Duba takardar injinka, ka nemi iskar da yake bayarwa a bar 6, ka ƙyale babbar lambar da ke jikin tanki, domin ita yawanci iskar da yake shaƙa ce, kuma abin da ke fitowa yakan gaza ta da kusan kashi ɗaya bisa uku. Haka maganar take ga injin goge fenti da duk wani kayan aikin da ke jan iska ba tsayawa.

Tambaya: Bindigar ƙusa da hura taya kawai nake yi. Ni ma in canza?

Amsa: A'a. Riƙe kuɗinka. Abin da kake da shi ya isa.

Tambaya: Na ga wata mace da aka ce tana karɓar kowane irin namiji. Ba ita ta fi ba? Kuma na tagulla zan ɗauka ko na ƙarfe?

Amsa: Tana da rana ga wanda yake aron kayan aiki daga nan da can. Sai dai da yake an yi ta don ta karɓi hanci iri-iri, ba ta rungumar ko ɗaya sosai, don haka ta fi saurin fara yoyo, kuma ba lallai ta wuce da iska kamar mai faɗin gaske ba. Batun ƙarfe kuwa, ni na fi son mace ta tagulla, domin iskar kwamfireso ba ta rabuwa da danshi kuma tagulla ba ta tsatsa. Namiji kuma na ƙarfe mai tauri, tunda shi ne yake shan faɗuwa a ƙasa. Na alminiyam ba shi da nauyi, amma ƙwallayen macen suna cin tsaginsa da wuri. In ka gama ɗaurawa, shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa. Inda ka ga kumfa tana tashi, nan injinka yake asarar wahalarsa.

Akwai abin da ba wanda ya tambaya amma ba zan iya shiru a kansa ba. Mahaɗi mai faɗi, idan aka cire shi da matsi a tiyo, yana sakin iska da ƙarfi fiye da wanda kuka saba. Na taɓa sakin tiyo mai kauri ban riƙe namijin da kyau ba, ya fizge ya daki gwiwata, kuma da fuskata tana kusa da labari ya bambanta. Tun daga ranar nake amfani da mace mai mataki biyu: dannawar farko ta fitar da iskar da ke tiyo, ta biyu ta saki namijin. Macen kullum ta kasance a ɓangaren da iska take fitowa, domin ita ce mai bawul. Kada ku ɗaura mahaɗi kai tsaye a gindin bindigar noti, girgiza tana cinye shi. Ku sa guntun tiyo kamar rabin mita a tsakani. Wanda kuma zai ja layin iska a bangon garejinsa, ya nisanci bututun ruwa na PVC. In ya fashe da iska a ciki, tarwatsewa yake yi ya watsa tsinannun ɓarɓashi masu kaifi. A yi amfani da bututun jan ƙarfe, ko baƙin ƙarfe, ko na alminiyam da aka yi musamman don iska, a ɗan karkata layin zuwa ƙasa, a sa bawul ɗin zubar da ruwa a ƙarshensa.