Dalilin da Ba Za Mu Kira Ta SS Ba

Ɗana, jiya muna rufe gareji ka yi mini tambaya biyu a kan motar nan Chevrolet Chevelle ta 1970 da muka fi shekara muna tayarwa. Ka ce me ya sa na hana a rubuta a tallarta cewa SS ce, wato Super Sport, nau'inta mai ƙarfi, alhali tambarin SS yana gabanta da bayanta, kuma injin 454 ne a cikinta. Ka kuma ce me zai hana mu tara abin da muka kashe, mu ɗora riba, mu yanke mata kuɗi kamar kowane aiki. Ga amsar a rubuce, domin bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

A nan Amurka, mai sayen irin wannan mota ba abin hawa yake nema ba, domin da kuɗin zai iya sayen sabuwa wadda ta fi ta birki da sanyi da ƙarancin shan mai. Abin da yake saye shi ne wani ɗan gajeren zamani da ya fara da Pontiac GTO a 1964, lokacin da kamfanoni suka riƙa dasa manyan injuna a motoci matsakaita, ya kuma dusashe bayan tsadar inshora da dokokin hayaƙi da matsalar mai ta 1973 sun taru a kansa. Shekarar 1970 ce ƙololuwarsa. A shekarar ne Chevrolet ya fitar da injin LS6, wani nau'in 454 mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450, kuma waɗanda aka ƙera da shi ba su kai 5,000 ba. Wadda ke da cikakkiyar shaida takan haura dala 100,000 a gwanjo, shi ya sa masu maƙala tambari suka yi yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a 1970 SS ƙari ne da mai saye ke zaɓa a kan Malibu, wani nau'in Chevelle, don haka lambar shasi mai haruffa da lambobi 13 ba ta rarrabe su. Tamu ta fara da 13637, kuma haka Malibu mai ƙaramin V8 take farawa. Shaidar da ake yarda da ita ita ce takardar haɗi, wadda ma'aikatan masana'anta kan cusa a cikin wayoyin kujerar baya, ko a saman tankin mai, ko bayan murfin ƙofa. Ka tuna ranar da na sa ka sauke tanki a hankali, na ce kada ka taɓa samansa da buroshi? Ita muke nema. Abin da muka samu ƙura ce da gidan ɓera. Mai Ford yana iya neman rahoton Marti, mai Pontiac kuma ya nemi na PHS, masu ajiye bayanan masana'anta na kowace mota, amma Chevelle da aka ƙera aka sayar a Amurka ba ta da irin wannan rumbun da za a koma a tambaya.

Saura injin. A gaban bulok, wato gangar jikin injin, ta ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan dandamali da masana'anta ke buga ƙarshen lambar shasi a kai, kuma idan ta dace da ta jikin motar an san injin haihuwarta ne. Namu wani makanike ya riga ya kankare fuskar bulok ɗin tun da daɗewa don ya daidaita ta, lambar ta tafi tare da ƙarfen. Akwai masu sake bugawa, kuma an taɓa kawo mini wannan shawara. Ban karɓa ba, kai ma kada ka karɓa. Ban da cewa zamba ce da ke kai mutum kotu, masu duba mota suna zuwa da tocila da gilashin ƙara girma, suna neman siraran layukan da injin masana'anta ya bari a kan dandamalin, kuma bugun hannu ba ya ɓoyuwa a gare su. Saboda haka za mu rubuta abin da muka sani: Malibu ce ta 1970 da aka yi wa shigar SS, injinta 454 ne amma babu shaidar cewa nata ne na asali.

Batun kuɗi kuwa, kasuwa ba ruwanta da guminmu. Awannin da ka yi kana goge fila da sanfefa ba sa cikin lissafin mai saye, kuma sau da yawa abin da aka kashe wajen tayar da mota yakan zarce abin da za ta kawo. Abin da za mu duba shi ne nawa aka sayar da ire-irenta a watannin baya, ba nawa masu su suka yi buri ba. Kamfanin Hagerty, mai ƙiyasta darajar tsofaffin motoci, yana kasa yanayin mota daga 1 zuwa 4, inda 1 ce mafi kyau, kuma duk da ƙyallin fentinmu ni a 2 na ajiye tamu, ko da yake na san ranka ya so 1.

Ba za mu kai ta gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale ko na Mecum a Kissimmee a watan Janairu ba. Can wurin motoci masu takarda ne, ga kuɗin ɗauka da na shiga da la'ada, kuma idan aka saka mota ba tare da ƙaramin farashin da aka tsayar ba, duk inda guduma ta faɗi nan ta tafi. Gwanjon intanet irin Bring a Trailer ya fi dacewa da mu, sai dai masu kallo a can ba sa raga wa kowa, za su tambayi har kan ƙusa. Wanda ya ci gwanjon ba zai karɓi makulli da takardar mallaka ba sai banki ya tabbatar kuɗin sun zauna, domin cek na jabu yakan yi kwanaki kafin ya tonu.

Gobe da safe kada ka tayar da injin, ina so mu ɗauki bidiyon tashinsa yana sanyi. Daga nan ka ɗaga ta sama ka ɗauki hoton ƙarƙashinta, har da facin da muka yi a ƙasan but inda tsatsa ta ci. Ka fito da rasidai da hotunan bodin lokacin da yake tsirara. A wurin mil ɗin da ta yi tafiya kuma ka rubuta cewa ba a san ainihinsa ba, tunda agogon lamba biyar gare shi, kuma yana komawa sifili bayan 99,999.