Amsa ga wanda yace ya gaji da tuba

Dan uwa, kace kullum kana rokon gafara amma kana komawa laifi daya, har kana tunanin ko Allah ya gaji da kai. Bai gaji ba wallahi. Ka duba Luka 18, Bafarisiye, wato daya daga cikin masu tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, ya tsaya a haikali yana lissafo azuminsa da zakkarsa, shi kuwa mai karbar haraji ko kai bai daga ba sai bugun kirji yake, kuma shi ne Yesu yace ya koma gida baratacce, wato Allah ya karbe shi.

Amma fa inda muke samun matsala, tuban baki yafi sauki. Ni da kaina na rike kudin wani makwabcin shagona anan babbar kasuwar Katsina kusan shekara biyu, duk Lahadi ina coci ina hawaye, ban samu natsuwa ba sai ranar da na je na durkusa gabansa na biya shi, yaro ne ma, na girme shi nesa. Mutumin nan Zakka ma, shugaban masu karbar haraji a Luka 19, ninki hudu yace zai mayar wa duk wanda ya cuta.

Ka samu fasto ko dattijo daya ka fada masa komai, sannan ka fara da Zabura 51 yau da dare.