A bar GPU a ƙarshen ƙarfinta ko a rage mata wuta?

Malam, ka ce kana kwaikwayon gudun ruwa a kwamfutar sashenku a Birnin Kebbi, kana tambaya ko ka bar GPU, wato katin da ke yin lissafi masu yawa a lokaci guda, a ƙarshen ƙarfinta. A'a, rage mata wuta da umarnin nvidia-smi -pl, wanda ke ƙayyade iyakar wutar da katin zai sha, ka fara gwada kashi 75 cikin 100 na cikakkiyar wutarta. Ɗan saurin ƙarshen nan shi ya fi shan lantarki.

Irin wannan lissafi yawanci jiran bayanai yake daga ma'ajiyar katin (memory), don haka jinkirin da rage wutar zai jawo kaɗan ne. A zafin Afrilu na gani da idona, fanka na kuka, katin ya ɗau zafi ya rage gudu da kansa. Sai dai ka auna wutar aikin gaba ɗaya. In awanni suka ƙaru sosai, man janareta zai cinye ribar.