Ƙarfin wuta: kalma ɗaya da muka ɗora wa kaya uku

Tambaya: Malam, mai wayarin ya ce wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, kuma ya ce dutsen gugata ya fi ƙarfin wayar ɗakina. Ƙarfi ɗaya yake nufi?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma wannan sakaci ya daɗe yana damuna, domin Hausa tana da kalmomin da za su raba su, mu ne muka ƙi nema. Dubi tankin ruwa a saman gini. Tsayinsa shi ke matsa ruwan ya sauko, to irin wannan turi a lantarki shi nake kira matsi, ana auna shi da bolt, daga sunan Alessandro Volta ɗan Italiya, kuma wutar gidajen Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu shi ne kwarara, ma'auninta amfiya, daga sunan Ampère ɗan Faransa. Ƙuncin bututun da ke tauye ruwan kuwa turjiya ce, kalmar da muka sani tun daga jakin da ya ƙi tafiya, kuma ba na jin akwai fassarar da ta fi ta dacewa. Ana auna ta da om.

Georg Ohm, Bajamushe, shi ya bayyana dangantakarsu a shekarar 1827: idan aka raba matsi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Dutsen guga mai turjiyar om 50 a kan bolt 230 zai ja amfiya 4.6. Idan aka ninka matsi da kwarara sai a sami wat, wato yawan wutar da abu yake ci yana aiki, a nan wat 1,058, alhali ƙwan fitila mai wat 60 bai wuce rubu'in amfiya da kaɗan ba. Saboda haka maganar mai wayarin ta farko matsi yake nufi, ta biyu kuwa kwarara, domin siririyar waya turjiyarta ta fi yawa, idan aka tilasta mata amfiya huɗu da rabi sai ta ɗau zafi har robarta ta fara wari. Ruwa ba ya tsami banza, kada ka raina wannan warin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa "lo karan" idan ƙwan fitila ya dushe kamar aci-balbal, har a gidajen rediyo. Sun ari kalmar Turanci, kuma sun ari wadda ba ita ba, don karan kwarara ce, alhali abin da ya ragu tun farko matsi ne, shi ne kuma sitabilaiza take ɗagawa. Tsohuwar da ta ce wuta ta yi ƙasa ta fi su kusa da daidai.

Tambaya: Daga ina kalmar lantarki ta fito?

Amsa: Aro ce daga Turanci, harshe ya sassaƙa ta har ta zauna daram.

Tambaya: Yunit ɗin da muke saye a mita, wat ne?

Amsa: A'a, wat yana nuna saurin ci, yunit kuwa jimillar abin da aka cinye. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, don haka dutsen gugar can yana lashe kusan yunit ɗaya a awa.