Likita, yaron shagona ba ya gaisuwa: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Likita, ina da shagon buga takardu a Gawon Nama, cikin Sakkwato. Akwai yarona da ba a taɓa kama shi da kuskure a lissafi ba, amma gaisuwarsa kalma biyu ce, in an tada janareta sai ya toshe kunne, ranar da aka matsar da teburinsa kuwa wuni ya yi bai iya aiki ba. Abokan aikinsa na cewa girman kai ne, wasu su ce iska. In sallame shi?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka sallame shi. Ba a gane lalura ta wasiƙa, sai an zauna da mutum, amma abin da ka zayyana ya yi kama da otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Da shi ake haihuwar mutum: ƙwaƙwalwarsa na karɓar sauti, haske da maganar mutane ta wata hanya daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, yaran nan kuwa girma suke yi su shiga neman abinci kamar kowa.

A wasu ƙasashe rashin kallon ido ne ke tona su. Mu nan sunkuyar da kai ladabi ne, don haka gaisuwa ce ke ja musu baƙin jini. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, mu a jininmu take. Shi kuwa aiki ce mai cin ƙarfi kamar ɗaukar buhu. Haka zancen hannunka mai sanda. In ka ce masa "ka ɗan duba aikin nan in ka samu sarari", zai jira sararin da gaske, kai kuma ka ɗauka raini ne. Ce masa: "Takardun nan shafi 40 ne, ina son su kafin La'asar." Za ka sha mamaki.

Ƙarar janareta da kai ka saba da ita, a kunnensa kamar ana buga ƙarfe ce a cikin kai. Ka nisanta teburinsa daga ƙofar da injin yake, ka bar shi ya sa abin toshe kunne. In za a sauya wani abu a shagon, gaya masa tun jiya. Ka bar shi kan lissafi da bugu, ka sa mai fara'a ya tarbi masu kawo aiki. Sannan ka ja kunnen sauran yaran, domin tsokana ita ce abin da na fi ganin tana korar irin waɗannan bayin Allah daga aiki, ba gazawa ba. Idan shi da iyayensa sun yarda, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Tambaya: Ni shugabar wata makaranta ce a Mabera. Ina da malama da yara ke matuƙar so, amma kullum a makare take, tana ɓatar da rajista, sakamakon jarrabawa kuma sai an kai ruwa rana. Na yi faɗan har na gaji.

Amsa: Hajiya, in faɗa na maganin wannan da tuni ya yi. Akwai lalurar rashin tattara hankali da ake kira ADHD, mutane na zaton ta yara ce kawai, alhali da yawa suna girma da ita. A mata sau da yawa ba ta zuwa da ƙiriniya, sai mantuwa da tashin hankalin zuci, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Sai dai likita ba zai ce ita ce ba sai alamomin sun fara tun kafin shekara 12, kuma sun bayyana a gida da wajen aiki. Dole kuma a fara duba ƙarancin jini, ciwon damuwa, matsalar ƙwayar maƙoshi (thyroid) da rashin barci. Wanda ya kwana a zafin Afrilun Sakkwato babu wuta ya san yadda hankali ke warwatsewa da safe.

Kafin nan, ki daina ba ta umarni biyar a tsaye a bakin aji. Tura mata a rubuce ta WhatsApp, ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon jarrabawa a raba shi: aji ɗaya ranar Litinin, wani ranar Laraba. Rajista ta samu aljihun tebur guda da ba ta barinsa. Akwai magani, methylphenidate, yana taimakon mutane da yawa, amma ƙwararre ne kaɗai ke rubuta shi. Kada a je kemis.

Tambaya: Ma'aikacin gwamnati ne ni. Tun ina firamare haruffa ke rikice mini, har yau in aka ce in karanta takarda a taro gumi nake yi. In gaya wa ogana?

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta taɓa ni. Wannan ya yi kama da disleksiya, wahalar haɗa harafi da sautinsa, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Faɗa ko rufewa haƙƙinka ne. In ka ga ogan mai fahimta ne, ka same shi shi kaɗai, ka tafi da buƙata a hannu: a ba ka takarda kwana ɗaya kafin taro, a bar ka ka yi bayani da baki. Wayarka ma tana iya karanta maka rubutun Turanci da murya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wariya saboda nakasa, har ta nemi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Takardar likita za ta ƙarfafa maka gwiwa in magana ta taso.

Tambaya: Da gaske allurar rigakafi ke jawo galahanga?

Amsa: A'a, Malam. Binciken 1998 na Ingila da ya haddasa wannan jita-jita an janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Gado ne ke da kaso mafi girma. Ku kai yaranku rigakafi.