Amsa ga mai son dasa bishiya a ƙofar gida, ga wayar wuta a sama

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa an ba ka dashen dalbejiya biyu da mangwaro ɗaya, kana son inuwa a ƙofar gida, amma wayar wuta ta bi ta gaban katangarka. Don Allah ka dakata da haƙa ramin nan tukuna.

Ni dalbejiya na dasa daidai ƙarƙashin waya shekarar da na tare a gidana. Tana cikin leda ko gwiwata ba ta kai ba, ban ko ɗaga kai na dubi sama ba. Shekara bakwai ta cim ma waya. Wani dare a farkon damina hadari ya taso da iska, muna ɗaki muka ji ƙara tas-tas, na leƙo na ga reshe yana haɗa wayoyi biyu, tartsatsi na zubowa kan dakalin da yarana ke zama da yamma. Kwana uku layinmu babu wuta. Da ma'aikatan wuta suka zo, suka fille mata kai. Abin da ban sani ba, dalbejiya in an sare ta tofo take yi da ƙarfi, rassa goma a inda da akwai ɗaya, kuma sabbin rassan ba su da ƙwari a mahaɗa, iska kaɗan ke karya su. Shekara uku ina biyan mai sara, daga ƙarshe na sa aka tumɓuke ta, raina bai so ba.

Ita dalbejiya tana kai mita 15 zuwa 20 in ta samu wuri. Wayar cikin unguwa kuwa mita shida ko bakwai ce daga ƙasa, kuma a zafin Maris da Afrilu ƙarfe yana miƙewa, waya ta ƙara sassautowa a tsakanin falwaya da falwaya. To ka ga ba yadda za a yi su zauna lafiya. Haka bishiyar turare, haka malina, balle maɗaci. Dabino ya fi su wahalar sha'ani, domin kai ɗaya gare shi, ranar da aka yanke kan nan ya mutu ke nan.

Mangwaron ma ban ba ka shawara ba, kuma ba tsawonsa kaɗai nake ji ba. Yara nake ji. Mangwaro in ya nuna ba mai hana yaran unguwa hawa, wani da doguwar gora, wani ma da guntun rodi. Wutar lantarki tana bi ta jikin ɗanyen ice, musamman bayan ruwa, ba sai yaro ya taɓa wayar da hannunsa ba. Ka kai shi tsakar gida ko bayan gida, can nesa.

Abin da na maye gurbin dalbejiyata da shi lalle ne da rumman. Lalle na jera a jikin katanga, yana jure fari, yana son aski, ina tsayar da shi a mita biyu, matan gida kuma suna amfana da ganyen. Rumman da wuya ya wuce mita biyar, almakashin lambu ya ishe shi. Lemon tsami ma ya yi, haka fasadabur. Gwaiba sai ka yi mata tsayin daka, ka datse kanta tun tana ƙarama don ta yi faɗi. Zogale kuwa in ka bar shi zai harba sama kamar sanda, amma da yake ganye ake nema, ana yanke shi a tsayin ƙirji duk shekara ya sake tofowa. Gaskiya babu ɗaya a cikinsu da zai ba ka inuwar dalbejiya. Ni rumfar kwano na yi a kan dakalin, su kuma suna tare ƙura, suna sanyaya ido.

Sai dai ba ka faɗi wace irin waya ce ba. In wayoyi huɗu ne a jere daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ake jan wuta zuwa gidaje daga jikinsu, wannan ƙaramin layi ne, abin da na faɗa a sama ya wadatar. In kuwa uku ne a can ƙololuwar falwaya bisa kwalabe, masu shiga taransifoma, babban layi ne na 11kV ko 33kV (kV ma'aunin ƙarfin wuta ne), kuma ƙa'idar Najeriya ita ce a bar mita biyar da rabi kowane gefe. Manyan turakun ƙarfe na 132kV mita 15 ne kowane gefe, na 330kV mita 25. A irin wannan wuri wuta tana iya tsallakowa ko ba a taɓa waya ba, kada ka yi gangancin hawa yin sara da kanka.

Dalbejiyarka kada ka yar. In filin yana da zurfi, ka auna aƙalla mita goma sha biyar daga ƙarƙashin waya ka sa ta can, nesa da katanga da shadda saboda saiwa. Ka bari ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni, sannan ka kewaye kowane dashe da ƙaya ko tsohon kwando, in ba haka ba awakin unguwa za su riga ka. Ka ɗauko mana hoton falwayar mu gani. Allah ya sa albarka a gidan.