Tambaya da Amsa: Manhajar tsaro ga mai tafiya shi kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina ajin ƙarshe fannin kwamfuta, aikina na kammalawa shi ne manhajar waya ta tsaro ga mai tafiya shi kaɗai, dalili kuwa yayata ce aka tare da wuƙa a lungunmu bayan isha'i tana dawowa daga aiki, aka ƙwace mata waya. Na zana ƙaton jan maɓalli wanda in an danna zai tura wa 'yan gida inda mutum yake. Me ka ga ya rage? Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kiyaye gaba ya mayar mata da alheri. Amma don Allah ki tambayi yayar taki, lokacin da suka sha gabanta ta samu ko taɓa wayar? Ai wayar suka zo nema, kuma duk wanda ya ga wuƙa tsirara hannunsa rawa yake, ba ta buɗe manhaja yake ba. Ballantana maɓallin nan akwai shi tuntuni, daga Android 12 zuwa sama in an saita ana danna makunnin waya sau 5 da sauri ta kira lambar gaggawa, wato 112 a Najeriya, WhatsApp ma yana nuna inda kike na minti 15 ko awa 1 ko awa 8.

Ni shawarata ki juya abin, shirun mutum ya zama shi ne ƙararrawar. Misali yayarki, tun tana cikin adaidaita kafin ta sauka sai ta saka cewa nan da minti 10 zan shiga gida, ta jefa wayar a jaka ta yi tafiyarta, in lokacin ya cika ba ta shigar da lambar sirrinta ba, saƙo ya tafi da kansa. Apple sun sa irin wannan a iPhone a 2023, sunansa Check In. Sai dai ki kula sosai a nan, kada agogon ya riƙa ƙirgawa a cikin wayar, ki ɗora shi a kan saba, wato kwamfutar da ke can a intanet ba cikin wayar ba, don ɓarawo abin da yake fara yi kashe waya da zare layi, to ko ya yi hakan saƙon zai fita tare da wuri na ƙarshe da aka gan ta.

Kuma ya fita ta tes, da Hausa, don Baba ƙila ƙaramar waya mai tocila gare shi. Ki gwada a Tecno da itel da Infinix, suna yawan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage saboda batir. Da ta shiga gida bibiyar ta tsaya cak, wallahi ba na so ki ƙera abin da wani zai riƙa leƙen asirin mace da shi.

Sannan wa zai fito in saƙon ya zo? Ɗan uwan da ke Abuja sai dai hankalinsa ya tashi. Ki sa manhajar ta nemi mutum 3 na kusa waɗanda suka amsa da bakinsu, kamar yayanku mai babur ko mai shagon bakin layi da ba ya rufewa sai sha ɗaya.